Mai Gadi ko Ɗan Sanda? Abin Aunawa Kafin a Zaɓi Jami'a Mai Zaman Kanta a Amurka

Iyayen da ke shirin tura ɗa ko 'ya karatu Amurka sukan zauna su tantance kuɗin makaranta, da tallafin karatu, da tsananin sanyin garin, da ko akwai masallaci da shagon naman halal a kusa. Akwai tambaya guda da ba kasafai take zuwa ran kowa ba, alhali tana iya juya makomar yaro a dare ɗaya: mutumin nan mai kaki da ke zagaya harabar jami'ar, mai gadi ne ko ɗan sanda? A ido kusan duk ɗaya suke, ga kaki, ga mota mai fitila a ka, ga oba-oba a kafaɗa. A gaban doka kuwa tazarar da ke tsakaninsu mai nisa ce. Ɗaya ma'aikacin makaranta ne da ke rubuta rahoto. Ɗayan yana da ikon saka wa mutum ankwa da sunan gwamnatin jiha.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A shekarar karatu ta 2023/2024 'yan Najeriya fiye da 20,000 ne ke karatu a manyan makarantun Amurka, kuma da yawa daga cikin jami'o'in da ke ba da tallafi mai tsoka masu zaman kansu ne. Mu kuma mun taso a inda ba a ma yin wannan tambayar, domin sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 rundunar 'yan sanda ɗaya ya tanada, dokar kamfanonin gadi ta 1986 kuma ta hana masu gadi riƙe bindiga. Wanda ya ga abin da ya auku a Jami'ar Greenfield da ke Kaduna a watan Afrilun 2021, inda 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai har suka kashe biyar, ba za a ga laifinsa ba in ya ce shi makarantar da ta fi yawan bindigogi yake so. Sai dai barazanar can daban ce, lissafinta ma daban.

Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda. Kowace jiha ita ke yanke wanda za ta danƙa wa ikon kama mutum, kuma jihohi da dama sun yi dokar da ta bai wa jami'o'i masu zaman kansu damar kafa nasu 'yan sandan. Abin ya faro tun 1894, lokacin da Jami'ar Yale ta ɗauki 'yan sanda biyu daga birnin New Haven don su tsare mata haraba. Wani bincike da ma'aikatar shari'ar ƙasar ta yi a shekarar karatu ta 2011/2012, a kan makarantun digiri masu ɗalibai 2,500 zuwa sama, ya nuna kashi 92 cikin ɗari na jami'o'in gwamnati suna da 'yan sandan da aka rantsar, wato masu cikakken ikon kamu, a masu zaman kansu kuwa kashi 38 ne kawai. Ke nan a ɓangaren masu zaman kansu ne zaɓin yake a buɗe har yau, kuma a nan ake ta kai ruwa rana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan sandan birni yana ƙarƙashin magajin garin da jama'a suka zaɓa, in abu ya ɓaci akwai ranar ƙuri'a. Ɗan sandan jami'a mai zaman kanta jiha ce ta ara masa iko, amma albashinsa da ƙarin girmansa da korarsa suna hannun shugaban jami'a da kwamitin amintattu, waɗanda ba mutanen gari suka zaɓe su ba.

Bari mu fara da jami'ar da ke da cikakkun 'yan sanda, irin su Chicago da Pennsylvania da Yale da Harvard. Abin da take samu na gaske ne, kuma ban ga amfanin raina shi ba. Jami'in nan ya shiga makarantar horar da 'yan sanda kamar na birni, yana da lasisin jiha, yana iya kamu, yana iya neman takardar izinin bincike daga alƙali, yana iya duba rumbun bayanan masu laifi. Uwa uba, yana nan a wurin. Ya san wace ƙofa ce ke ɓullewa bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya san wane bene ne 'yan shekarar farko suke kwana. Idan ɗaliba ta danna maɓallin turken nan mai shuɗiyar fitila da ake kafawa a bakin hanyoyin haraba, wanda zai zo ba sai ya tsaya tambayar hanya ba, ba kuma sai ya jira wasu sun iso kafin ya ɗauki mataki ba. A babban birnin da 'yan sandansa ke fama da kiraye-kirayen harbi da fashi, satar kwamfuta a ɗakin karatu tana can ƙarshen layi; a wurin 'yan sandan jami'a kuwa ita ce aikin ranar.

Akwai ma shaidar bincike. Masana sun kwatanta titunan da ke cikin iyakar sintirin 'yan sandan Jami'ar Pennsylvania da waɗanda ke daf da iyakar ta waje, suka tarar laifi ya fi ƙaranci a ciki, sun kuma wallafa sakamakon a 2016. Wani binciken a Chicago ya samu abu makamancin haka. Na yarda da wannan, amma a lura da abin da ya tabbatar: ƙarin 'yan sanda a unguwa yana rage laifi. Bai nuna cewa dole sai na jami'a ba.

Matsalar tana farawa ne daga bakin ƙofa, domin ikon ba ya tsayawa a katangar makaranta. Binciken ma'aikatar shari'ar da na ambata ya nuna mafi yawan waɗannan jami'an suna da ikon kamu da na sintiri a wajen haraba. Misalin da aka fi kawowa shi ne Jami'ar Chicago. 'Yan sandanta kimanin ɗari ne, suna sintiri tun daga titi na 37 har zuwa na 64 a kudancin birnin, yankin da ke da mutane wajen 65,000, akasarinsu ba ɗalibai ba ne, ba kuma ma'aikatan jami'ar ba. Unguwannin da ke kewaye, irin su Woodlawn, galibin mazaunansu baƙaƙen fata ne. Matashin da aka tsayar a hanyarsa ta komawa gida bai taɓa biyan kuɗin makarantar ba, bai zaɓi shugabanta ba, amma ma'aikacinta ne ke tambayarsa ina za shi. Wanda zai tura ɗansa can kada ya manta cewa idan yaron ya fita da daddare sanye da riga mai hula, babu abin da ke rubuce a goshinsa da ke cewa shi ɗalibi ne.

Kuma kuskuren mai bindiga ba ya gyaruwa. A watan Disambar 2013 wani jami'in Jami'ar Incarnate Word da ke San Antonio a Texas ya bi wani ɗalibi ɗan shekara 23 a mota har zuwa gidan da yake haya a wajen makaranta, gardama ta kaure, ya harbe shi har lahira. Da iyayen suka shigar da ƙara, sai jami'ar ta ce ai 'yan sandanta aikin gwamnati suke yi, don haka tana da irin rigar kariyar da gwamnati ke da ita daga ƙara. Sai a 2020 kotun ƙolin jihar ta ce ba ta da wannan kariyar. A Afrilun 2018 wani ɗan sandan Jami'ar Chicago ya harbi ɗalibin da ke cikin ruɗanin taɓin hankali, Allah ya yi da sauran kwanansa. A Afrilun 2019 kuma wani ɗan sandan Yale, tare da takwaransa na garin Hamden, suka buɗe wa wata mota wuta a wata unguwa ta New Haven, suka raunata macen da ke ciki, ba a kuma samu makami a motar ba.

A nan ne nake so in daɗe, domin a ganina nan ne zuciyar maganar. Idan irin wannan ya faru, wa ke da ikon ganin takardun? Rahoton ɗan sandan birni, a bisa ƙa'ida, ɗan jarida ko lauya ko uba yana iya nemansa a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai. Na jami'a mai zaman kanta kuwa ya danganta da jihar da kake. A Massachusetts, jaridar ɗaliban Harvard ta kai ƙara tana neman rahotannin 'yan sandan jami'ar, a 2006 kotun ƙolin jihar ta ce ba hukumar gwamnati ba ce, ba dole ta bayar ba. A Indiana, tashar wasanni ta ESPN ta nemi takardun 'yan sandan Jami'ar Notre Dame da suka shafi 'yan wasan makarantar, a 2016 kotun ƙolin jihar ta goyi bayan jami'ar. A Ohio kuwa akasin haka aka yi: wata ɗaliba 'yar jarida ta ja da Jami'ar Otterbein, a 2015 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa sashen da ke kama mutane da ikon jiha ofishin gwamnati ne, takardunsa na jama'a ne. Texas ta gyara dokarta a wannan shekarar, bayan da Jami'ar Rice ta ƙi sakin cikakkun bayanai a kan yadda jami'anta suka lakaɗa wa wani da ake zargi da satar keke duka da kulki a 2013. A Connecticut hukumar kula da 'yancin bayanai ta yanke tun 2008 cewa dokar ta hau kan 'yan sandan Yale.

Ina tare da Ohio da Texas da Connecticut ɗari bisa ɗari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jami'ar da ta karɓi ikon gwamnati na tsare mutum, bai dace ba idan aka zo neman bayani ta koma ta ce ita kamfani ce mai sirrinta. Kuma jami'a tana da dalilin ɓoyewa da birni ba shi da irinsa: sunanta shi ne jarinta. Labarin fyaɗe a ɗakin kwana, ko laifin da ya shafi fitaccen ɗan ƙwallo ko ɗan wani mai bai wa makarantar gudummawa, abu ne da ke iya rage masu neman shiga. Wanda ke binciken kuma albashinsa na hannun wanda labarin zai ɓata wa suna. Ba na cewa kowane jami'i zai rufa asiri, amma tsarin da ya dogara kacokan ga nagartar mutum ɗaya ba tsari ba ne da zan miƙa masa ɗana ido rufe.

To, ita kuma jami'ar da ta tsaya ga masu gadi fa? Jami'ar New York tana cikin wannan rukuni, haka Columbia ta daɗe. Jami'an tsaronsu ba sa riƙe bindiga, aikinsu duba katin shaida, da sa ido a kyamarori, da raka ɗalibi gida da dare, da kiran 'yan sandan birni in abu ya fi ƙarfinsu. Kuɗin tafiyar da su ya fi sauƙi, domin babu nauyin horon 'yan sanda da inshorar makamai da manyan shari'o'in diyya, waɗanda a ƙarshe duk a kuɗin makaranta suke ɓullowa. Maƙwabta ba sa jin an kafa musu wata hukuma a ka. Idan aka yi kamu, wanda ya yi yana ƙarƙashin dokokin birni, takardunsa a buɗe suke.

Amma mu duba ta kusa. A ce yaro ɗan shekara 19, ƙarfe biyun dare, cacar baki ta haɗa shi da abokin ɗakinsa har aka kai ga ture-ture, wani ya fashe leɓe. Idan mai gadi ne ya zo, zai raba su, ya rubuta rahoto, da safe maganar ta tafi ofishin kula da harkokin ɗalibai, a yi gargaɗi ko a sauya wa ɗaya ɗaki. Idan ɗan sandan jami'a ne, yana iya yin hakan, kuma sau da yawa hakan suke yi, amma yana kuma da ikon saka ankwa, a kai yaro a ɗauki hoton yatsunsa, sunansa ya shiga kundi. Har nan kamar mai gadi ya yi nasara. Sai dai idan a makarantar masu gadin wani a ɗakin maƙwabta ya riga ya buga lambar kiran gaggawa ta 911, waɗanda za su hawo benen 'yan sandan birni ne, ba su san ofishin harkokin ɗalibai ba, ba ruwansu da jarrabawar gobe. Ɗan sandan jami'a yana da hanya biyu a gabansa, na birni galibi ɗaya yake da ita.

Columbia ta nuna wannan a babban sikeli. A Afrilun 2024, lokacin zanga-zangar Gaza, da yake ba ta da masu ikon kamu, sau biyu ta gayyato 'yan sandan birnin New York, karon farko suka kama mutane fiye da ɗari, karo na biyu suka shiga ginin Hamilton na jami'ar da kayan kwantar da tarzoma. A Maris 2025, bayan gwamnatin tarayya ta dakatar mata da tallafin dala miliyan 400, jami'ar ta sanar da ɗaukar jami'ai na musamman 36 masu ikon kamu. Rashin 'yan sandan cikin gida bai hana kama ɗalibai ba, samunsu kuma ba lalle ya zama don kare ɗalibai aka yi ba.

Akwai wani bambanci da mutane kan fahimta a baibai. Ana ɗauka mai gadi ya fi sauƙin sha'ani ta kowace fuska, alhali ta fuskar haƙƙi ba haka ba ne. Ɗan sandan da aka rantsar, ko na jami'a mai zaman kanta ne, kotuna kan ɗauke shi wakilin gwamnati, don haka kundin tsarin mulki ya ɗaure shi: kafin ya binciki ɗaki don neman shaidar laifi yana buƙatar izinin alƙali ko yardar mai ɗakin, in ba a halin gaggawa ba, kuma in ya tsare mutum zai yi masa tambayoyi sai ya sanar da shi cewa yana da damar yin shiru da neman lauya. Mai gadi ma'aikacin mai gida ne. A mafi yawan lokuta yarjejeniyar ɗakin kwanan da ɗalibi ya sa wa hannu ita ke ba shi damar shiga, abin da ya gani kuma yana iya miƙa wa 'yan sanda.

Ga ɗalibin da ke riƙe da biza, kamu ba ƙaramin abu ba ne ko da kotu ta wanke shi daga baya. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana iya soke biza saboda kamun tuƙi cikin maye tun kafin a yanke hukunci. A farkon 2025 an soke rajistar dubban ɗalibai 'yan ƙasashen waje bayan an bi sunayensu a rumbun bayanan laifuka na ƙasa, wasu a kan ƙananan al'amura ko ƙarar da aka riga aka kora, sai da aka yi ta zuwa kotu gwamnati ta janye. Saboda haka abin da ya fi damun mu ba wai ko jami'in yana da ikon kamu ba ne kawai, a'a, sau nawa yake amfani da shi.

Tsakanin waɗannan biyun akwai hanyoyi na tsaka-tsaki, kuma wasunsu sun fi burge ni. Princeton tana da 'yan sandan da aka rantsar amma ba sa yawo da bindiga a ƙugu. Tun 2015 aka yarda su ɗauko manyan bindigogi daga ma'ajiya idan akwai mai harbi a haraba. Wannan ya nuna ikon kamu daban, riƙe makami daban, ba dole a haɗa su ba. A Stanford shugaban 'yan sandan gundumar Santa Clara ne ke bai wa jami'an iko, ke nan akwai zaɓaɓɓen jami'in gwamnati da ke iya janye shi. Sai Johns Hopkins a Baltimore, wadda ta sha rigima kafin ta kai ga nata. Majalisar dokokin Maryland ta ba ta izini a 2019, ɗalibai suka yi zaman dirshan na kusan wata guda a ginin gudanarwa, a 2020 bayan kisan George Floyd jami'ar ta jingine shirin na shekara biyu, sai a ƙarshen 2022 ta sa hannu a yarjejeniya da 'yan sandan birnin. Rigimar ta haifi sharuɗɗa: ma'aikatan rundunar ba za su wuce 100 ba, dole su maƙala kyamara a ƙirji, an ƙayyade musu yanki, manyan laifuka irin su kisa suna hannun 'yan sandan birni, an kuma kafa kwamitin sa ido mai mutum 15 da ya haɗa da ɗalibai da maƙwabta. Masu suka suna cewa kwamitin shawara kawai yake bayarwa, kuma jami'ar ce ke gabatar da sunayen mafi yawan mambobinsa. Sukar tana da tushe, amma duk da haka ya fi inda babu kwamitin ko kaɗan.

Ga inda na tsaya. Babbar jami'a a tsakiyar birni mai yawan laifi, mai asibiti da ke buɗe dare da rana da dubban masu kwana a ciki, tana da hujjar kafa 'yan sanda, kuma ba zan guje ta saboda haka ba, muddin jiharta ta buɗe takardunsu ga jama'a, iyakar sintirinsu a rubuce take, akwai kuma wurin kai ƙorafi da ba ofishin shugaban 'yan sandan kansa ba. Ƙaramar kwaleji mai ɗalibai dubu ɗaya ko biyu a garin da caji ofis yake kusa, masu gadi masu horo da rubutacciyar yarjejeniya da 'yan sandan gari sun wadatar, musamman in tana da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa da ke amsa kira da dare. Idan kuwa kwalejin tana can nesa da gari, inda motar 'yan sandan gunduma za ta daɗe kafin ta iso, sai ma'aunin ya sake karkata ga masu iko a cikin gida. Wanda nake yi wa kallon tsoro shi ne haɗin nan: bindiga, da iko mai faɗi a wajen haraba, da takardu a kulle.

Sanin inda makaranta ta faɗa ba wuya, kuma ba sai an tambayi dillalin neman gurbin karatu ba. Akwai dokar tarayya ta 1990 da ake kira dokar Clery, wadda ta ci sunan Jeanne Clery, ɗalibar da aka kashe a ɗakinta a Jami'ar Lehigh a 1986. Dokar ta tilasta wa duk makarantar da ke cin gajiyar tallafin ɗalibai na tarayya ta fitar da rahoton tsaro kowace shekara zuwa 1 ga Oktoba, kuma ana samunsa a shafinta na intanet. Dole rahoton ya faɗi ko jami'an tsaronta suna da ikon kamu, da yadda suke aiki da 'yan sandan gari, da alƙaluman laifuka na shekara uku. A cikin jadawalin akwai layuka a kan giya da ƙwayoyi da makamai, kowanne an raba shi gida biyu: waɗanda aka kama, da waɗanda aka tura wa hukumar makaranta don ladabtarwa. A ajiye rahotannin makarantu biyu gefe da gefe a dubi waɗannan layukan. Inda kamu ya yi yawa a kan abin da wata makarantar ke warwarewa a ofis, an san halin jami'anta. Makarantar da ke da sashen tsaro dole kuma ta ajiye kundin laifuka na kullum, na kwana 60 da suka wuce kowa yana iya neman ya gani a lokacin aiki. Abin da rahoton ba lalle ya faɗa ba, wato ko suna ɗaukar bindiga da kuma wa ke binciken ƙorafi a kansu, sai a rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje a tambaya kafin a biya kuɗin kama gurbi.